Daɓen Asibiti da Tafin Takalmi: Nazari Daga Birnin Gwari

Mara lafiyar da aka ɗauko daga Kuyello ko Randagi zuwa asibiti a Birnin Gwari ba shi kaɗai yake isowa ba. Akwai mai jinya, da tabarma, da buta, da kular abinci, sannan akwai ƙasar da ta manne a tafin takalman 'yan rakiya. Wani daga gona ya fito, wani daga kara inda kashin shanu ya cakuɗe da laka, wani kuwa daga ramin haƙar zinariya a bakin daji. Duk a daɓe ɗaya suke sauke abin da suka kwaso.

An daɗe ana ɗaukar daɓe a matsayin wurin da haɗarinsa kaɗan ne wajen yaɗa cuta, bisa hujjar cewa ƙafa kawai ke taɓa shi. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya raunana wannan hujja. An gwada wurare 318 a daɓen ɗakuna 159 na asibitoci biyar a yankin Cleveland ta Amurka, aka yi ta samun ƙwayoyin cuta masu taurin kai: MRSA da VRE, waɗanda ke bijire wa magunguna, da C. difficile mai haddasa gudawa. A kashi 41 cikin 100 na ɗakunan da aka duba masu majinyata a ciki, an tarar da kayan da ake yawan taɓawa suna taɓa ƙasa, kamar bargo da wayar caji, kuma hannun da ya ɗauke su kan kwaso ƙwayar. A 2020 ma, a asibitin Huoshenshan da ke Wuhan ta ƙasar Sin, rabin takalman ma'aikatan sashen masu tsananin ciwo da aka gwada sun nuna alamar ƙwayar korona. Har a daɓen ɗakin magani an same ta, alhali majinyata ba sa shiga wurin.

Sai dai waɗannan asibitoci ne da ba kasafai ake zama a ƙasa ba. A wurinmu daɓe mazauni ne. Uwar da ke jinyar ɗanta a gefen gado take shimfiɗa tabarma, a nan take kwana, a nan take dama kunu. Ƙanin mara lafiya yana rarrafe, ya tsinci murfin kwalba ya kai baki. Fo da kwanon tuwo suna ƙarƙashin gado ɗaya. Ban ga laifin matar nan ba ko kaɗan. Wadda ta baro ƙauye ta hanyar da aka yi shekaru ana fargabar 'yan bindiga a kanta ba za ta je gida ta dawo da safe ba, kuma ba a tanadar mata kujera ko kanta ba. Saboda haka tazarar da ke tsakanin ƙasa da baki ta fi gajarta a nan.

Al'adarmu ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa tana rage dattin waje, amma a asibiti tana da nata haɗarin. Da hannu ake gyara silifas a jera, sannan a miƙa wa mara lafiya hannun a yi masa sannu. Ƙafar da ke da faso ko gyambon ciwon suga kuma tana iya taka jini ko allurar da ta faɗi. Ledar rufe takalmi da wasu ke gani a matsayin wayewa ba a tabbatar tana rage kamuwa da cuta ba, wajen sa ta da cire ta ma hannu ke gurɓata.

Inda ya kamata a zuba ido shi ne guga. Bokiti ɗaya da tsumma ɗaya tun daga ɗakin maza har ɗakin haihuwa raba ƙwayar cuta ne ɗaki-ɗaki. Sai an fara wanke datti da ruwa da sabulu kafin kulorin ya yi aiki, domin jini da amai suna karya ƙarfinsa. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe ƙwayar C. difficile idan ta shiga kwansonta, sai dai a wanke ta da sabulu da ruwa. Ga shi kuma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya nuna rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin wanke hannu.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna da kwamitocin asibitocinmu shi ne a kafa kantar ajiye kaya da benci a gefen kowane gado, a ware wa kowane ɗaki bokitinsa da tsummansa, a horar da masu shara kamar yadda ake horar da nas-nas, sannan a ajiye ruwa da sabulu daidai inda ake tuɓe takalmi.