Kuskuren ma'aikata da tsaron kwamfuta

Masana tsaron intanet sun ce akasarin kutsen da ake yi wa kamfanoni da hukumomi na farawa ne daga mutum, ba daga na'ura ba.

Wani rahoto da kamfanin Verizon na Amurka ya fitar a shekarar 2024 ya nuna cewa kashi 68 cikin ɗari na satar bayanan da ya bincika sun haɗa da kuskuren ɗan Adam ko yaudarar da aka yi masa.

A watan Yulin 2020, wasu masu kutse sun yaudari ma'aikatan Twitter ta wayar tarho, suka karɓe shafukan manyan mutane, ciki har da na Barack Obama.

A Najeriya, batun bai tsaya ga manyan birane ba. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura jama'a da dama ga tura kuɗi ta waya, har a garuruwa irin su Bena da ke ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru, jihar Kebbi.

A irin waɗannan garuruwa, mai POS ne ke zaman banki. Idan yaron shagonsa ya faɗi lambar sirri ga wanda ya bugo waya da sunan banki, ko ya miƙa kuɗi bisa saƙon alat na bogi, jarin na iya salwanta nan take.

Matakan kariya

Masana na ganin gargaɗi kaɗai ba ya wadatarwa, domin gajiya da gaggawa na sa ko ƙwararre ya yi kuskure. Saboda haka suke ba da shawarar a tsara aiki ta yadda kuskuren mutum ɗaya ba zai rusa komai ba.

Matakan sun haɗa da bai wa kowane ma'aikaci kalmar sirrinsa, da tantancewa sau biyu kafin shiga asusu, da sa hannun mutum biyu kan fitar da manyan kuɗaɗe, da kuma rufe asusun wanda ya bar aiki.

Ana kuma son ma'aikaci ya sanar da kuskurensa da wuri ba tare da fargabar kora ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta bai wa hukumomi da kamfanoni sa'o'i 72 su kai rahoton satar bayanan da ka iya cutar da jama'a ga hukumar NDPC.