Jan yauƙi a tankin kifin teku: abin da ke kawo shi da yadda ake shawo kansa

Masu kiwon kifin ado na ruwan gishiri sun san wani jan yauƙi da ke shimfiɗuwa a kan yashi da duwatsun tankin gilashi kamar darduma. Da yawa suna ɗaukar sa gansakuka ce, amma ba ita ba ce. Ƙwayoyin bakteriya ne da ake kira siyanobakteriya, da Faransanci cyanobactéries, masu haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsirrai. Danginsu ne suka fara cika sararin duniya da iskar oksijin kimanin shekaru biliyan 2.4 da suka wuce, kuma dihe da matan Kanembu ke kwasa a tafkunan yankin Tafkin Chadi ma daga cikinsu yake.

Gane shi ba wuya. Launinsa ja ne mai duhu, wani lokaci kore ko baƙi-baƙi. Yakan yi kauri da rana, ƙananan kumfa su maƙale a jikinsa, da dare kuma ya ja baya. In an hura masa ruwa sai ya ɓare fallen-fallen. Ƙura mai ruwan ƙasa da ke fitowa a sabon tanki wata halitta ce daban, kuma ita takan wuce da kanta. Illar jan yauƙin ita ce yana rufe murjani, ya hana shi haske, har ya kashe shi. Wasu nau'o'insa suna fitar da guba mai sa fata ƙaiƙayi, don haka gara a sa safar hannu.

Ƙwayoyin suna nan a kusan kowane tanki, abin da suke jira kawai shi ne yanayi ya yi musu daɗi. Wurin da ruwa ba ya motsi, inda ragowar abinci da kashin kifi ke taruwa, nan suke fara kafa sansani. Yawan ba kifi abinci, ruwan famfo da ba a tace ba, tsofaffin fitilu da zafin ruwa duk suna taimaka musu. Tankin murjani yana son zafi tsakanin digiri 24 da 26, abin da ke da wuyar riƙewa a bazarar Yamai ko Njamena sai da na'urar sanyaya ruwa.

Gwajin ruwa yakan ruɗi mai tanki. Sai ya auna nitrat da fosfat ya ga babu ko ɗaya, ya ɗauka ruwansa tas yake, alhali yauƙin ne ke shanye su kafin su bayyana a gwaji. Haka kuma in nitrat ya ƙare ƙaf amma fosfat yana nan, siyanobakteriya na samun galaba kan sauran halittu, domin wasu nau'o'inta suna iya cin iskar nitrojin da ta narke a ruwa. Shi ya sa ƙwararru ba sa neman sifili. Sukan riƙe nitrat tsakanin miligram 2 da 10 a lita, fosfat kuma tsakanin 0.03 da 0.1.

Aikin farko na hannu ne: a zuƙe yauƙin da siririn tiyo, kada a tarwatsa shi cikin ruwa. A canza kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na ruwan kowane mako, da ruwan da ya bi ta na'urar tacewa ta osmos aka haɗa shi da gishirin tanki, gram 35 a lita. A juya famfunan motsa ruwa su fuskanci lungunan da datti ke kwanciya, a wanke na'urar kumfa mai fitar da ƙazanta, a rage abinci zuwa abin da kifi zai cinye cikin minti biyu ko uku. Wannan yakan ɗauki makonni kafin a ga canji, kuma a nan ne mutane da dama ke gajiya.

Akwai masu kashe fitila su lulluɓe tankin kwana 3. Yauƙin yakan ɓace, murjani mai lafiya kuma yakan jure, sai dai in dattin yana nan, bayan mako ɗaya ko biyu zai dawo.

Magani shi ne zaɓi na ƙarshe. Ana amfani da eritromisin ko magungunan kanti irin su Chemiclean, kuma suna aiki cikin kwana biyu. Hatsarinsu shi ne idan yauƙi mai yawa ya mutu lokaci guda, ruɓewarsa na cinye oksijin ɗin ruwa, kifi su shaƙe cikin dare. Don haka sai an fara zuƙe abin da za a iya, an ƙara dutsen hura iska, sannan bayan awa 48 a canza aƙalla kashi 20 na ruwan a mayar da gawayin tacewa. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, bai kamata a zuba maganin ba sai da famfon iska mai aiki da batir a ajiye.