Daga Garka zuwa Lambu: Tarihin Noman Kayan Miya da 'Ya'yan Itace a Gidajen Hausawa

Lambun gida, wanda ake kira garka a wurare da dama, musamman a Nijar, shi ne ɗan filin da ake killacewa a cikin gida ko a bayansa don shuka kayan miya, ganyaye, itatuwan marmari da tsirran magani. Ya bambanta da gona ta fuska uku: ƙarami ne, yana kusa da madafa, kuma ba ya dogara da ruwan sama kaɗai. Gona ce ke kawo hatsin tuwo, garka kuma ta kawo abin da za a ci tuwon da shi. Abu biyu ne suka riƙa juya tarihinsa tun asali: hanyar samun ruwa da rani, da sabon irin da ke shigowa daga wasu ƙasashe.

Garkar farko

Tsirran da aka fara killacewa a gida na nahiyar Afirka ne: kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, karkashi, gauta da duma. Da damina ake shuka su a bayan ɗaki, a kewaye su da darni ko ƙaya saboda awaki da kaji. Takinsu daga gidan yake fitowa: tokar murhu, shara, kashin tumaki da na kaji, da ƙasar tsohon juji. Duma yakan bi jinkar ɗaki ya kwanta a kai, soso ya kama danga. Inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke bi ya fita ta rariya, nan ake kafa itacen da ake so ya rayu da rani, shi ya sa har yau ake yawan ganin gwanda ko zogale a kusa da makewayi.

Mafi yawan wannan aiki a hannun mata yake, musamman tsofaffi. Su ne ke ware kuɓewar da za a bari ta ƙosa a jikin uwarta, su ɗaure ta a rataye sama da murhu inda hayaƙi zai kare ta daga ƙwari, ko su cuɗa iri da toka su zuba a gora su toshe. Da kaka a yanka kuɓewa a shanya, a busar da yakuwa da rama, a tara zoɓorodo, 'ya'yan yakuwa kuma a yi daddawar batso da su. Ta haka amfanin wata huɗu ke riƙe tukunyar miya shekara guda.

Biranen Hausa na dā sun bar wa noma wuri a cikin ganuwa, don idan yaƙi ya rufe ƙofofi kada abinci ya yanke. Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya lura cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, saura gonaki ne da lambuna. Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya ambaci itatuwan dabino da na gwanda da ke leƙowa daga cikin gidajen birnin. Kududdufan da ake haƙa don ɗibar ƙasar gini suna riƙe ruwa har cikin rani, rafin Jakara kuma ya ratsa tsakiyar gari, saboda haka mai son lambu bai rasa inda zai ɗebi ruwa ba.

Jigo da lambun bakin rafi

Matakin da ya fitar da garka daga bayan ɗaki zuwa fadama shi ne jigo. Ana kafa gwafanni biyu a bakin rijiya ko rafi, a gitta sanda a kansu, a ɗaura doguwar gora a tsakiya. A gindin gorar a liƙa curin laka mai nauyi, a kanta kuma a ɗaura igiya da guga na ƙwarya ko na fata. Mai lambu ya ja igiyar ƙasa har guga ya cika, nauyin laka ya ɗago shi, sai ya juye a bakin magudana. Filin an riga an yanka shi komaye, wato ƙananan fangaloli masu kunya a gefe huɗu. Yaro yana tsaye da fartanya: ya buɗe bakin komi ɗaya, in ya sha ya toshe da laka, ya buɗe na gaba. Aikin daga asuba ne zuwa hantsi, sannan daga la'asar zuwa magariba, kuma abin da mutum ɗaya ke iya shayarwa da jigo ɗan fili ne ƙwarai. Wannan iyaka ta sa ba a ɓata ruwan jigo a kan abu mai araha. Albasa, tafarnuwa, alkama, taba da rake su ne amfanin lambun wancan zamani. Alkama abincin fada ne da na attajirai, da Larabawan Gadamas da Tarabulus mazauna Kano, ita ake yin alkaki da finkaso da taliya da ita.

A arewa, cikin duwatsun Abzin, masu lambunan Timiya da Tabelot sun bi wata hanya: sa ko raƙumi ke jan guga ta kan abin juyi, ruwa ya zube a kwararo. Da shi suke noman alkama da dabino, daga baya kuma rumman, lemu da albasa, suna kai wa kasuwar Agadas.

Irin da ya zo daga nesa

Yawancin abin da ake ɗauka a yau a matsayin asalin miyar Bahaushe baƙo ne. Albasa, tafarnuwa, lemun tsami da rumman daga gabas da arewa suka iso ta hanyoyin fatake da alhazai. Zogale da mangwaro asalinsu ƙasar Indiya. Barkono, tattasai, attarugu, tumatir, kabewa, gwanda, gwaba, dankali da rogo duk daga nahiyar Amurka suke, sun ƙetaro teku ne bayan shekarar 1492, suka riƙa shigowa sannu a hankali, wasu ta gaɓar teku, wasu ta Masar da Magrib.

Kusan kowannensu ta lambun gida ya fara bi. Manomi ba ya sadaukar da gonar hatsinsa ga irin da bai sani ba, amma ba ya ƙyashin ba shi taku biyu a bayan ɗaki. In ya karɓi ƙasar, maƙwabta su roƙi iri, in bai karɓa ba, ba a yi asarar komai ba. Alhaji ya dawo da ƙwallon dabino, falke ya zo da 'ya'yan barkono a ƙulle a tsumma, amarya ta tafi gidan miji da irin kuɓewar garinsu. Ta wannan hanya iri ya riƙa yaɗuwa ɗaruruwan shekaru kafin a kafa ma'aikatar gona.

Zamanin Turawa

Bayan 1903, Turawan mulki sun kafa unguwanninsu a wajen gari, irin su Nasarawa a Kano, suka ɗauki ma'aikatan da ake kira gadina. Waɗannan sun ƙware a noman kabeji, karas, latas da kokwamba, da renon tsiro a tukunya, da askin shinge. Dankalin Turawa ya samu gindin zama a tsaunukan Jos saboda sanyin wurin da kuma masu haƙar kuza da ke buƙatarsa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, albasa da barkono suka samu hanyar zuwa kasuwannin kudu. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, Zariya, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Darbejiya kuma an fara dasa ta a Barno a 1928, daga nan ta bazu har ta zama inuwar kusan kowace ƙofar gida.

A wannan zamani ne shuka fure don ado kawai ta shigo. Kafin nan, abin da ake shukawa bayan na ci, na ƙamshi ne ko na magani ko na kwalliyar jiki: lalle, ɗoɗɗoya, na'a-na'a, filasko. Fulawa ta fara ne daga gidajen Turawa, ta bi ta harabar makarantu da asibitoci, kafin ta shiga gidajen ma'aikata.

Babbar fasahar da masu lambu suka karɓa a wannan lokaci ita ce auren itace. Ana rainon ƙwallon mangwaro na gida har ya yi kaurin fensir. Sai a yanko ɗanyen reshe daga uwar da aka san daɗin 'ya'yanta, a fiƙe gindinsa gefe biyu, a datse kan dashen a tsaga shi, a cusa reshen yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo, a naɗe tamau da leda. In ya kama, cikin 'yan makonni zai tofo. Mangwaro mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, kuma 'ya'yan irin na uwar ne sak, alhali na ƙwallo yakan kai shekara 6 ko fiye, ba a kuma san abin da zai haifa ba. Haka ake yi wa lemu, a ɗora mai zaƙi a kan gindin mai tsami.

Fari, madatsun ruwa da inji

Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun sauya matsayin noman rani. Abin da ake ɗauka sana'ar 'yan tsiraru ya zama mafakar gidaje da yawa. A Kano, gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar Bagauda da ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ruwanta ya shayar da Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Bakolori ta biyo baya a 1978 kusa da Talatar Mafara, sannan Calawa a 1992. A 1975 aka kafa cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, a Ibadan, tana da reshe a Bagauda. Shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976 ya kwaɗaitar da ma'aikata da makarantu su yi lambu a bayan gida. A Nijar, bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta mai da noman rani manufar ƙasa, aka haƙa rijiyoyin garka a ƙauyuka da dama. Albasar Galmi ta jihar Tawa, mai launin shunayya da jure ajiya, ta zama hajar da ake lodi zuwa Ankara, Kumasi da Abijan.

Abin da ya yi wa jigo ritaya shi ne ƙaramin injin ban ruwa mai amfani da fetur, tare da rijiyar burtsatse marar zurfi da ake nutsawa a fadama. Hukumomin raya aikin gona na jihohi sun yaɗa su a shekarun 1980, shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa kuma ya faɗaɗa su daga farkon shekarun 1990. Mutumin da ke shayar da 'yan komaye ya koma shayar da eka guda ko fiye. Tumatir ya zama sarkin lambu. Ana yafa irinsa a gadon reno a ƙarshen damina, a rufe da ciyawa, bayan mako 4 zuwa 5 a yi dashe da yamma don rana kada ta kwantar da shi. Hunturu ne lokacinsa, domin sanyin dare ke sa fure ya kama. Zafin bazara na shigowa fure ya fara zuba, kwando ya yi tsada. Kasuwanni irin su Kwanar Gafan da 'Yan Kaba sun bunƙasa a kan wannan, motoci na ɗauka zuwa Legas, abin da ya yi kwantai kuma a tsaga a shanya ya zama kauɗa.

Ci gaban ya zo da nasa nauyi. Raguwar ambaliya a ƙasan madatsun ta taɓa fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Irin kamfani na gwangwani ya ture na gida, alhali wani daga cikinsa ba a iya ajiye 'ya'yansa a sake shukawa. A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Yawan feshi ba bisa ƙa'ida ba, da shayar da ganye da gurɓataccen ruwan kwatar birni, sun sa masu saye da dama sun fara shakkar abin da ke kan tiren 'yan gwari.

Lambun gida a yau

Cikin birane filin garka ya ƙuntata. An cike kududdufai an yi gini, fuloti ya ragu, tsakar gida ta sha siminti. Duk da haka tsadar kayan miya, wadda cire tallafin fetur a 2023 ya ƙara wa wuta tunda inji da mota duk mai suke sha, ta sa gidaje da yawa sun koma shuka. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce noman buhu: a haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a cika buhun siminti ko na shinkafa, a huda gindinsa, a dasa tattasai, tumatir, alayyafo ko kuɓewa, a jera a gindin katanga inda rana ke samu aƙalla rabin yini. Tsohon bokiti da tayar mota ma suna yin wannan aiki. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, don haka sai an bar shi ya huce. Ƙwari kuwa ana rage su da ruwan jiƙaƙƙen ganye ko dakakken 'ya'yan darbejiya, ana fesawa da yamma.

Renon dashe ya zama sana'a mai zaman kanta. A gefen manyan tituna na Kano, Kaduna, Abuja da Yamai, masu reno suna jera mangwaro mai aure, gwaba, lemu da fulawa, da yawansu a cikin ledar fiya wata da aka tsinto aka cika da ƙasa. A fadama kuma injin sola ya fara karɓar wurin na fetur ga masu halin saye.

Aikin da lambun gida ke yi wanda lambun kasuwa ba ya yi shi ne adana tsohon iri. Kuɓewar gida, gauta, yalo, karkashi da gasaya ba su cika samun wuri a kantin sayar da iri ba, suna nan ne saboda akwai gidajen da ke ware su kowace kaka. Duk gidan da ya bar 'yan ƙwaya biyu suka ƙosa, ya busar da su a inuwa, ya adana cikin toka a wuri marar danshi, ya kuma ba maƙwabci, ya tabbatar da irin zai kai damina mai zuwa.