Tarihin Kalmar Ekilojait da Matsalar Shigar da Ita Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kachiya daga Sabon Tasha ya nufi Kafanchan zai ga manyan duwatsu dama da hagu, da masu fasa su don gini. Bahaushe yana da fa da tsakuwa da marmara da ƙanƙara, yana kuma da kuza da tama, amma duk sunaye ne da suka dogara ga kamanni ko amfani. Masana ilmin duwatsu kuwa sukan duba yadda dutse ya samu. Wannan maƙala za ta bi tarihin ɗaya daga cikin keɓaɓɓun kalmominsu, wato ekilojait, domin a ga darasin da ke ciki ga masu ƙirƙirar kalmomi.

2.0 Asalin Kalmar

Wani malamin coci Bafaranshe, masanin ma'adinai, René Just Haüy, shi ya raɗa sunan a shekarar 1822, daga kalmar Girkanci mai ma'anar zaɓi. Dutsen da ya gani, irin na tsaunukan Saualpe a Ostiriya, yana da jajayen ƙwayoyin ganet a cikin koren ma'adinin da ake kira omfasait. Da yake ba a saba ganin waɗannan a haɗe ba, sai ya ɗauka tamkar zaɓen juna suka yi. Ke nan a farko sunan bai faɗi komai game da asalin dutsen ba.

3.0 Sauyin Ma'ana

An daɗe ana gardama: shin narkakken dutse ne da ya daskare, ko kuwa rikiɗaɗɗe ne? A 1921 Pentti Eskola, mutumin Finlan, ya nazarci na ƙasar Norwe, ya nuna cewa sinadaransa ɗaya ne da na baƙin dutsen basal, tsananin matsi ne ya sa ma'adinansa suka bambanta. A 1967 Green da Ringwood suka gwada haka a ɗakin bincike a Ostareliya, suka tabbatar. Sai dutse ya nutse fiye da kilomita 40 a cikin ƙasa kafin ya koma ekilojait, kuma ya fi basal nauyi ƙwarai.

Da ilmin motsin faifan ƙasa ya kafu, sai kalmar ta ƙara nauyi, domin an gane cewa irin wannan nutso yana faruwa ne inda ƙasan teku ya kutsa ƙarƙashin nahiya. A 1984 Christian Chopin ya sami ma'adinin kowisait a Dora Maira ta Italiya, David Smith kuma ya same shi a ekilojait na Norwe, alhali a irin waɗannan duwatsu ba ya samuwa sai a zurfin kilomita 90 ko fiye. Ta haka sunan da aka raɗa saboda kamanni ya zama shaidar tekun da ya shuɗe.

4.0 Alaƙarsa da Ƙasar Kaduna

Duwatsun da ake fasawa a kewayen Sabon Tasha ba ekilojait ba ne, galibinsu giranit ne da nais. Tun 1911 J. D. Falconer ya raba giranit na Arewa gida biyu, tsoho da sabo. Na Kagoro yana cikin sabon, kamar na Jos. Tsohon kuwa ya samu ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, a babban karon da W. Q. Kennedy ya kira na Afirka baki ɗaya a 1964, lokacin da yankin da Nijeriya take ya haɗu da tsohon doron Afirka ta Yamma. Bakin wannan haɗuwa yana yamma, kuma a can aka sami ekilojait: a tsaunin Lato na ƙasar Togo, da yankin Gurma na Mali, inda Renaud Caby ya ba da rahoton kowisait a 1994. Saboda haka ɗalibin da ke son sanin yadda fa ɗin ƙofar gidansu ya samu ba zai kauce wa wannan kalma ba.

5.0 Fassara ko Aro?

Littafin Hausa Metalanguage na 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya samar da kalmomin nazarin harshe da adabi. Ilmin duwatsu yana buƙatar irin wannan aiki. Hanyoyi uku ne a gaban mai fassara. Ta farko ita ce bin asalin Girkanci a ce zaɓaɓɓen dutse. Wannan na da haɗari, domin a ƙasar Jama'a, inda ake haƙar safaya, mai ji zai zaci dutse mai daraja ake nufi. Ban da haka, an koma ga ma'anar da masana suka bari tuntuni. Ta biyu ita ce siffantawa, a ce rikiɗaɗɗen dutsen matsi. Ma'anar ta yi daidai, sai dai ta yi faɗi, don akwai wani shuɗin dutse da shi ma matsi ke haifarwa. Ta uku ita ce aro tare da daidaita lafazi, kamar yadda aka yi wa siminti da kwalta.

6.0 Kammalawa

Aro ya fi dacewa, amma a riƙa haɗa shi da siffantawar a farkon ambato. Ba abin kunya ba ne, domin Farfesa Oyawoye ya raɗa wa wani dutse suna daga Bauchi, masanan duniya kuma suka are shi yadda yake. Abin lura ga kwamitocin ƙirƙirar kalmomi shi ne, asalin kalma dabam, ma'anarta ta yau dabam, kuma ta yau ce ɗalibi ke bukata. Wannan ya wajabta zaman masana harshe da masana duwatsu a teburi guda kafin a tsayar da kowace kalma.