Daga Rediyon 'Yan Biɗa zuwa Mitar Aljihu: Tarihin Masu Gyara a Madawa, Buza da Keita

A ƙauyukan Adar da kwarin Majiya, rediyo ya riga wutar lantarki isowa da shekaru masu yawa, kuma 'yan biɗa ne suka ɗauko shi a kafaɗa. Saurayi daga Tamaske ko Karofane ko Galma zai tafi Abijan, Legas ko Kano da zarar an gama girbi, ya yi talla, ya yi dako, ya yi ga-ruwa. Idan damina ta ƙarato sai ya komo da turmin atamfa na tsohuwarsa, da agogo a hannu, da akwatin rediyo cikin riga ta fata ko ta yadi da aka ɗinka masa. Da dare majalisa ta koma ƙofar gidansu. Daga wannan tsarabar ce wata sana'a ta tsiro a kasuwannin yankin, wadda ba ta da sarki irin na maƙera ko na mahauta, amma yau babu ranar kasuwar da ake ci ba da ita ba.

Abin saurare kuwa akwai shi. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Nijar ya fara magana daga Yamai a 1958, na Kaduna ya biyo baya a 1962, Muryar Jamus ta shigo da Hausa a 1963. A 1962 ɗin ne aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo ta Nijar. Akan ba wani mai ilimi a gari, sau da yawa malamin lakkwal, rediyo da rakoda, jama'a su taru su ji shiri kan noma ko lafiya, su yi muhawara, a naɗi maganarsu a aika Yamai a watsa. Amma abin da ya fitar da rediyo daga gidan kwamanda da na attajiri ya kai shi bukkar manomi shi ne wani ɗan abu mai ƙafa uku da ake kira tiransista. An ƙirƙiro shi a Amurka a 1947, rediyon aljihu na farko mai amfani da shi ya shiga kasuwa a 1954, kamfanonin Japan kuma suka cika duniya da irinsa. Tsohon rediyo mai kwalabe yana cin wuta, sai ya ɗau zafi kafin ya yi magana. Sabon kuwa 'yan batura masu ƙiba sun ishe shi makonni.

Sai dai ƙasar ba ta raga wa na'ura. Ƙurar hunturu tana shiga maballin ƙara murya ya riƙa ƙarƙara. Zafin bazara yana sa batir ya yi ruwa ya cinye ƙarfen mazauninsa. Yaro ya murɗa allurar neman tasha da ƙarfi zaren ya tsinke. Mai rediyo ba zai koma Abijan don wannan ba, dole a sami wani a kusa.

Masu gyaran farko sun yi aiki ne da ido da kunne da harshe, kuma ya kamata a san yadda suka yi, don akwai ilimi a ciki. Mai gyara yana ɗora ƙarfen narka dalma kan garwashi a kasko, ya buɗe bayan rediyo ya fara da shinshinawa, domin abin da ya ƙone yana da warinsa. Ya ɗauki batir ɗaya da guntuwar waya ya taɓa ƙafafun lasifika: idan ya ji ƙas-ƙas, lasifika lafiya lau. Sannan ya kunna rediyon, ya ɗora bakin sukudireba a kan ƙafar tsakiya ta maballin murya. Idan lasifika ta yi gurnani, to sashen ƙara sauti yana da rai, cutar tana can gaba wajen kamo tasha. Idan shiru, an san inda za a tona. Da taɓawa biyu ya raba rediyon gida biyu, ya rage wa kansa rabin aiki. Shagonsa na kayan gyara kuwa kwali ne cike da matattun rediyoyi, yana cire ƙafar wannan ya dasa wa wancan. Inda dabarar take ƙarewa shi ne inda abu ya raunana bai mutu ba, domin kunne ba ya faɗin yawan wutar da ke ratsa waya.

Na'urar da ke faɗin wannan ta daɗe a duniya. Wani injiniyan gidan waya na Ingila, Donald Macadie, shi ya haɗa awon ƙarfin wuta da gudunta da turjiyar waya cikin akwati ɗaya, aka fara sayar da shi a 1923 da sunan Avometer. Akwati ne mai nauyi da tsada, na ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni. A Amurka wani kamfani mai suna Heath ya gano wata hanyar: a 1947 ya fara sayar da na'urar awo a warwatse cikin kwali, da sassan da suka yi saura daga Yaƙin Duniya na Biyu, a kan dalar Amurka 39.50, mai saye ya bi takarda ya haɗa da kansa. Dubban injiniyoyi da wannan kwalin suka fara, har kamfanin ya daina a 1992. A can abin sha'awa ne na ranar hutu. A Buza da Keita, wanda ya riƙe ƙarfen dalma abincin gidansa yake nema, kuma mitar da ta fara zuwa hannunsa ita ce mai allura, samfurin Sanwa na Japan da kwaikwayonsa masu arha, wadda sai an haɗa bakin wayoyinta biyu an murɗa allura ta zauna kan sifili kafin a fara awo.

Shekarun 1970 da 1980 na kaset ne. Wa'azi, waƙoƙin Shata da Ɗan Anace da Ɗan Gurmu, har da saƙon murya da 'yan biɗa ke naɗowa iyalansu, duk a kaset suke yawo, rakoda kuma tana da bel mai saki da kai mai cinyewa. Gasar kokowa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, ta zama lokacin da kowa ke son rediyonsa ya tashi ko ta halin ƙaƙa.

Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Kayan waje suka yi tashin gwauron zabi, wanda a da zai jefar ya sayi sabo ya koma neman mai gyara. Kayan gyaran kuma daga kudu suke hawowa, kamar yadda suke yi har gobe. Madawa tana kan babbar hanyar Kwanni zuwa Maraɗi, Bangi tana bakin iyaka, don haka dalma da tiransista da lasifika na kasuwar Sabon Gari ta Kano ko na Sakkwato kan kwana a Madawa kafin su hau tudu zuwa Buza da Keita. Shi ya sa mai gyara a Ibohaman yake bin labarin canjin naira kamar ɗan kasuwar albasa na Sabon Gida, kuma duk ranar da aka rufe iyaka shi ma teburinsa ya ji a jika.

Babban sauyi ya zo da wata 'yar mita mai lambobi, rawaya ko baƙa, da ake rubuta wa DT830. Asalin cikinta wani guntun ƙwaƙwalwar lantarki ne da kamfanin Intersil na Amurka ya fitar a ƙarshen shekarun 1970, masana'antun Sin suka kwaikwaya suka zubo ta kasuwa a kan 'yan jikkuna kaɗan. Batir mai volt 9 take ci, ta shiga aljihun riga. Tana da aibunta: wayoyinta sirara ne masu saurin tsinkewa daga ciki, ramin awon amfiya 10 ba shi da fis, kuma almajirin da ya manta ya bar ta a kan awon turjiya ya cusa ta cikin wutar kamfanin lantarki na Nigelec zai iya rasa ta nan take. Duk da haka, babu wani kayan aiki da ya ɗaga darajar sana'ar nan kamarta. Da ita yaro ɗan wata shida a bakin aiki yake ganin abin da ubangidansa ya yi shekaru yana lalube.

Ta kuma iso a kan gaɓa. Celtel ya fara aikin salula a Nijar a 2001, layi ya bi manyan kasuwanni yana shiga karkara. Binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta yi a kasuwannin hatsi na ƙasar ya nuna cewa zuwan salula tsakanin 2001 da 2006 ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Bayan farin 2009, ƙungiyar Concern ta raba wa iyalai a wasu ƙauyukan jihar Tawa tallafin kuɗi ta salula a 2010. Waya ta zama kayan neman abinci, mai caji da janareto ya kafa rumfa, mai gyaran rediyo ya koyi sabon karatu: batirin waya volt 3.7 ne, ya kai 4.2 idan ya cika, caja kuma 5 take bayarwa. Aka ƙara kayan aiki, injin hura iska mai zafi, akwatin ba da wuta mai nuna yawan abin da waya ke ja, gilashin ƙara gani. Samari da yawa sun je Farm Centre a Kano sun koyo. Abin takaicin shi ne wasu sun tsaya a canza gilashi da bakin caji, ba su taɓa bin layin wuta da mita ba.

A cikin wannan zamanin ne yankin ya ga abin da ya fi kama da kwalin Heath. Da fararen ƙwayayen LED, waɗanda kamfanin Nichia na Japan ya fara fitarwa a 1996, suka yi arha, sai samari suka shiga ƙera fitilu da hannunsu: ɗan akwatin katako, batura 3 masu kan damisa, ƙwayaye a jere a kan tsohon faifan CD don ya watsa haske, da maballi. Mai shayi da mai tsire da 'yan makarantar dare suka ajiye fitilar kananzir. Jarin kaɗan ne, kuma an sayar da yawa kafin tocilan Sin su ƙwace kasuwar. Abin da ya karya su tun kafin nan shi ne rashin awo. Batura 3 sababbi volt 4.5 ne, ƙwan kuwa wajen 3 yake so, kuma yawancin maƙeran ba sa saka razista mai rage wuta. Fitila ta yi haske kamar me a makon farko, sannan ƙwayayen su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Razista abu ne na 'yan kuɗi kaɗan, amma babu wanda ya nuna musu.

Yanzu zamanin sola ne. Nijar ba baƙuwa ba ce a nan, don tun 1965 take da ofishin binciken makamashin rana, wanda Farfesa Abdou Moumouni ya jagoranta shekaru da dama, kuma a 2018 aka buɗe tashar megawat 7 a Malbaza. Da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agustan 2023, har mutanen birni suka koma neman faranti da batir. Masu lambun albasa suna sauya injin fetur da famfon rana. A wannan kasuwar, abin da aka rubuta a kwali ba kullum yake zama gaskiya ba, kuma mita ce ke raba gardama: farantin da ake haɗa wa batir mai volt 12 ya kamata ya nuna wajen 21 a tsakar rana idan ba a ɗora masa komai ba, batir cikakke da ya huta ya nuna kusan 12.6, wanda ya sauka ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa.

Ga 'yan kasuwar Tamaske da Madawa masu sauke kaya daga Kano, da cibiyoyin koyon sana'a na CFM, da hukumomin gari, akwai aikin da ke jira. A ƙulla ƙananan ledoji masu ɗauke da ƙwayaye, razista, maballi, ɗan allo da takardar bayani cikin Hausa, na fitila ko na cajar waya daga faranti, a sayar wa almajirai da 'yan makaranta su haɗa da hannunsu. Duk ubangidan da zai yaye yaro kuma, ya sallame shi da mita tasa ta kansa, ya tabbatar ya iya karanta ta kafin ya bar shi ya taɓa kayan mutane.