Ɗan Wane Ne?

'Yan uwana mata, Bahaushe ya ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. To, makarantar boko ma da murhunta ta shigo ƙasar nan, kuma tun ran farko an san 'ya'yan da aka zaunar kusa da tukunya.

A shekarar 1909 wani Bature da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, ya ware ɓangare guda na 'ya'yan sarakuna. Dabarar Turawa ita ce su ci gaba da mulki ta hannun sarakai, don haka magadan sarauta suke so su iya boko. A 1922 Gwamna Kilifod ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. Ita ce Barewa ta yau. Nan Ahmadu Bello, ɗan hakimin Raɓa, ya yi karatu. Mu mata kuwa sai a 1930 aka fara mana makaranta a Kano da Katsina, ita ma da 'yan matan gidan sarauta aka soma.

Wani abin mamaki, iyaye da yawa a lokacin gudun boko suke yi. Akwai masu sarautar da suka ɓoye 'ya'yansu suka tura na barorinsu. Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ɗan sarki ba ne, a gidan hakimi mahaifinsa ya yi aiki, amma da ya samu shiga Kwalejin Katsina sai ga shi Firayim Ministan Nijeriya. Kun ga ke nan ƙwaƙwalwa ba ta san rawani ba.

Sai dai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda kakansa ya zama malami ko akawun En'e, a gidan littattafai ya tashi, kuma ubansa ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Manomin Mahuta fa? A ƙasar Zuru aikin soja ne ya buɗe wa 'ya'yan talakawa da yawa hanya, har ƙasar ta fitar da janarori. Sai a 1976 gwamnati ta kawo ilimin firamare kyauta ga kowa, bayan wasu gidajen sun yi shekara sittin da ɗoriya suna gaba.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A Amurka manyan jami'o'i irin su Harvard sun daɗe suna fifita ɗan tsohon ɗalibinsu. Wata shari'a ta tona cewa a Harvard ana ɗaukar kusan ɗaya cikin uku na irin waɗannan yara, alhali sauran ko ɗaya cikin goma ba ya samu. Kwalejin Amherst ta daina wannan al'ada a 2021, jihar Kalifoniya kuma ta yi dokar hana ta a 2024.

A nan gida ba a rubuta gadon kujera a doka ba. An kafa JAMB a 1978, an kuma ware kaso ga jihohin da ke baya a ilimi, har da Kebbi. To amma wa ke cin kason? In 'yar babban ma'aikaci a Birnin Kebbi ta shige da takardar alfarma, yarinyar Mahuta da ta fi ta maki ta zauna gida, an yi adalci a takarda, an yi zalunci a aikace.

Uwargida, ki riƙe sakamakon 'yarki da kyau, ki tambayi makin da ake nema, kada kunya ta hana ki bin hakkinta. In kuma ke ce mai uwa a gindin murhu, ki tuna kujerar da aka ba ɗanki ta alfarma, ta wani ce aka janye. Allah Ya sa mu dace, amin.