Ƙwallo 146 a Bauchi, da Tambayar Wanda Hukunci Ke Hawa

A farkon watan Yulin 2013 aka buga wasanni biyu a lokaci guda a Bauchi, a gasar neman gurbin shiga matakin ƙasa na gasar Nationwide. Plateau United Feeders, reshen matasa da ke renon 'yan wasa domin babbar ƙungiyar Jos, da Police Machine ta Adamawa sun iso wasan ƙarshe da maki daidai, saboda haka yawan ƙwallaye ne zai raba gardama. Feeders ta tafi hutun rabin lokaci tana cin Akurba 7 da nema, Police Machine kuma tana cin Babayaro 6 da nema. Da aka tashi, sakamakon ya zama 79 da nema da kuma 67 da nema. Ƙwallaye 72 da Feeders ta zura bayan hutu na nufin ƙwallo ɗaya a cikin ƙasa da sakan 40, har da lokacin ɗauko ta daga raga a mayar tsakiyar fili.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ba ta yi sanya ba. Kafin watan ya ƙare ta haramta wa 'yan wasa da jami'an ƙungiyoyin huɗu da alƙalan wasannin shiga harkar ƙwallo har abada, ƙungiyoyin kuma ta dakatar da su shekara 10. Hukuncin ya yi daidai da girman abin kunyar, amma ya zuba kowa a kwando ɗaya: wanda ya ƙulla cinikin, da wanda ya ba da umarni daga gefen fili, da matashin da aka ce ya kauce wa ƙwallo ya kauce. Tarihin ladabtarwa a ƙwallon matasan ƙasar nan ya daɗe yana kewaya wannan matsala: laifin da manya ke tsarawa, wa ya kamata ya biya shi?

Labarin ya samo asali ne daga nasara. A watan Agustan 1985 Najeriya ta lashe kofin duniya na farko na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin, bayan ta doke Jamus ta Yamma 2 da nema, ƙarƙashin mai horarwa Sebastian Brodrick da kyaftin Nduka Ugbade. Daga ranar ƙwallon yara ya tashi daga wasan makaranta ya koma hanyar samun suna da lada, ga jami'ai da masu horarwa da iyaye baki ɗaya. Duk inda lada ya yi kauri kuma, mai neman gajeriyar hanya ba ya ƙaranci. Gajeriyar hanya a gasar da aka ƙayyade wa shekaru ita ce a sa babba a cikin rigar yaro.

A 1989, shekarar da tawagar 'yan ƙasa da 20 ta kai wasan ƙarshe a Saudiyya, hukumar FIFA ta gano cewa ranakun haihuwar da aka gabatar wa 'yan wasa uku a gasar Olamfik ta 1988 a Seoul sun saɓa da waɗanda aka gabatar musu a gasannin matasa na baya. 'Yan wasan su ne Samson Siasia da Andrew Uwe da Dahiru Sadi, wanda ya yi suna a Ranchers Bees ta Kaduna. FIFA ta haramta wa Najeriya gasannin matasa na shekara biyu, ta kuma janye mata karɓar baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 20 ta 1991, wadda ta koma Fotugal. A wannan karon hukuncin ya hau hukuma, domin ita ke sa hannu a takardu. Sai dai waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsa yara ne da ba su ji ba su gani ba, waɗanda shekarunsu na shiga gasa suka ƙare a cikin wa'adin haramcin.

Bayan shekara 20 aka sauya dabara. A gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda Najeriya ta karɓi baƙunci har aka buga wasu wasanninta a Kaduna da Kano da Bauchi, FIFA ta shigo da gwajin na'urar MRI. Ana ɗaukar hoton wuyan hannu a duba guringuntsin da ƙashi ke tsawo ta wajensa. Likitoci sun kasa haɗewar wannan gaɓa mataki shida. Wanda nasa ya kai mataki na shida, wato ya haɗe gaba ɗaya, ana ɗauka ya wuce 17. Kafin a fara gasar, gwajin ya fitar da 'yan wasa 15 daga sansanin Najeriya. Duk da haka tsohon ɗan wasan ƙasa Adokiye Amiesimaka ya fito fili ya yi zargin cewa kyaftin ɗin tawagar ya girme shekarun da aka rubuta masa. Tawagar ta kai wasan ƙarshe a Abuja, Suwizalan ta doke ta 1 da nema. A 2016 kuma, tana riƙe da kofin da ta ci a 2015, 'yan wasa 26 suka faɗi gwajin dab da wasan share fage, Nijar ta yi waje da Najeriya a Yamai.

Na'urar ta rage maguɗi, amma ta karkatar da nauyin laifi zuwa kan yaro. Shi ake kora daga sansani ya koma gida da tambarin maƙaryaci, alhali wanda ya rubuta masa shekarun yana nan a kan kujerarsa. Ga shi kuma ƙashi ba takardar haihuwa ba ne: yaro mai saurin girma na iya faɗuwa yana da gaskiya, wani da ya haura 17 ya tsallake saboda nasa bai gama haɗewa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa a ƙarƙashin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma a ƙauyuka da dama har yau ana haihuwa a gida ba tare da rajista ba, takardar rantsuwa ta kotu kuwa tana ɗaukar duk shekarar da aka faɗa wa magatakarda.

Wannan tarihi na manyan filaye ya shafi ƙananan ƙungiyoyin Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi kai tsaye, domin daga irinsu ake tsamo yaran da ke zuwa gasannin jiha da na ƙasa, irin Kofin Ramat da ƙungiyar YSFON ke shiryawa a Kano domin tunawa da Janar Murtala Muhammad. A irin waɗannan ƙungiyoyi, da ke atisaye a filin firamare bayan la'asar, koci shi ne wuƙa shi ne nama. Shi ke zaɓen mai bugawa, shi ke tara kuɗin mota, shi ke yanke hukunci. Yaron da ya makara ko ya yi wa alƙalin wasa rashin kunya yana shan tsallen kwaɗo ko zagayen fili nan take. Amma idan aka shigo da ƙato daga wani gari da sunan ɗan shekara 15, ko aka daidaita da wata ƙungiya a kan sakamako, ba wanda ke tuhuma, domin mai hukuncin shi ne mai laifin. Yaro yana kallo, kuma darasin da yake ɗauka shi ne doka ta ƙananan laifuka ce da ƙananan mutane.

Abin da shekarun 1989 da 2009 da 2013 suka koyar bai buƙaci na'ura ba. Ƙungiyar da ke rubuta sunan yaro da ranar haihuwarsa tun ranar da ya shigo, ta haɗa da shaidar makarantarsa ko katin rigakafinsa, ta toshe ƙofar rage shekaru tun kafin wani ɗan kamasho ya ƙwanƙwasa. Ƙungiyar da ta rubuta laifuka da hukuncin kowanne, daga gargaɗi zuwa hana wasa zuwa kora, ta kuma karanta wa iyaye, ta raba horo da fushin koci. Wadda ta kafa kwamitin mutum uku da babu kocin a ciki, ko da malamin makaranta ne da dattijon unguwa da wakilin iyaye, ta samar da wurin da yaro zai faɗi nasa, da kuma wurin da za a kai ƙarar kocin kansa. Wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙin tsarin kare yara da FIFA ta fitar a 2019 mai suna FIFA Guardians, wanda ya ɗora wa manya alhakin abin da ya sami yaro a hannunsu. Jihar Kaduna ma tana da dokar kare yara tun 2018.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma masu horarwa na yawan kafa hujja da wannan karin magana idan za su hora yaro. Karin maganar tana da wani gefen da ba a cika dubawa ba: siffar da iccen zai ɗauka tana hannun mai tanƙwarawa. Matasan da suka tsaya suna kallon ƙwallo na shiga ragarsu sau 79 a Bauchi sun riga sun saba da bin umarnin manya ba tare da tambaya ba, kuma ranar ma umarnin suka bi. Wa'adin shekara 10 da aka yanke wa ƙungiyoyin ya cika a 2023. Hukuncin da aka yanke wa 'yan wasan kuwa ba a sa masa ranar ƙarewa ba.